Ɗan Caina na son hayar shagon gadonmu a bakin tasha, ku ba ni shawara

Mai Tireda Yawuri:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni barci kwana huɗu ke nan, na ga gara in kawo ta nan, tunda akwai 'yan kasuwa da manyan da suka ga jiya suka ga yau.

Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Yawuri, kan titin da ya nufi Koko. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gini mai ƙofa uku a bakin tasha. Mu bakwai ne magada, ban da Inna. Ƙofa ɗaya ni ke ciki da tireda, sukari da madara da sabulu da taliya. Biyun kuwa tun da telan da ke haya ya koma Kwantagora suke a rufe, sai ɓeraye ke sha'aninsu.

Makon jiya wani matashi Bahaushe, tafinta, ya zo da wani ɗan Caina a mota, da ɗan sanda a kujerar gaba. Mutumin ba zai wuce shekara 35 ba, mai fara'a, har da cewa "sannu sannu" yana duƙawa. Ya zagaya ginin, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa baya ya ga rijiya. Tafinta ya ce suna son ƙofa biyun nan da ɗakin baya, za su fasa bangon tsakiya ya zama kanti guda. Za su biya kuɗin shekara biyu a dunƙule, kuma abin da suka faɗa ya ninka na tela sau huɗu. Su za su sake kwanon rufi, su yi dabe. Ya nuna mini hotunan kayan a waya: bokiti, baho, buta, kula, kwaɗo, tocila, fitilar sola, silifa, tabarmar roba, gidan sauro, injin feshi, maganin ciyawa, tiyo, har da injin ban ruwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Kawuna, ƙanin Inna uwa ɗaya uba ɗaya, shagonsa na tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa, kuma waɗannan kayan su ne sana'arsa kusan shekara 30. Yana saro su daga Jega, wani lokaci Kano, wani lokaci ya aika Onica. Farashin da tafinta ya faɗa mini na injin feshi guda ɗaya, wallahi bai kai yadda Kawu ke saro shi ba, tun kafin a sa kuɗin mota. Kun kuwa san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Ba ribar Kawu kaɗai ke damuna ba, littafinsa na bashi ne. In damina ta faɗi, manomi zai zo ya ɗauki injin feshi da maganin ciyawa a rubuta, sai kaka in ya casa shinkafa ya biya. Wanda kogi ya cinye gonarsa a ɗaga masa sai baɗi. Abin da ke riƙe da wannan bashin shi ne cinikin hannu da hannu na ranar kasuwa. In masu kuɗi a aljihu suka tsallaka wajen baƙo, aka bar wa Kawu masu cewa "rubuta" kaɗai, ba na jin shagon zai ga damina biyu. Ranar da ya rufe kuma, wa zai ba talaka injin feshi ya jira shi wata biyar?

Ƙannena duk sun ce a bayar. Ba laifinsu ba ne: akwai bikin ƙanwarmu bayan Sallah, ga autanmu yana jami'a a Aliero. Yayana ya ce in mun ƙi, wani zai ba shi a layin nan, mu yi biyu babu. Kawu har yanzu ban iya buɗe baki na gaya masa ba, ko da yake na san ya ga motar. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan kanti a ƙauye, a nan ko a wata ƙasa, ya gaya mini yadda ta kaya.

Tsohon Ɗan Kanti, Gusau:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah shi jiƙan mahaifinka, shi sa albarka ga abin da ya bari. Ni shekaruna 74, jikana ne ke rubuta mini wagga magana.

Abin da kake gani ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Ita kanta kalmar kanti daga bakin Turawa munka same ta. Da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kamfunna irin su UAC da John Holt sunka kafa kantuna kusa da tasha, Kwarori kuma, mutanen Labanan da Siriya, sunka biyo bayansu. Ubana yaron wani Kwara ne, ya fi shekara 20 yana tsaye gaban sikeli yana auna mai gyaɗa. Kwaran nan yana jin Hausa kamar jakin Kano, in anka yi rasuwa gidanmu da shi ake zaman makoki.

Amma ka lura da abu guda. Kantin wancan zamani baki biyu gare shi, yana saye yana sayarwa. Baƙauye ya ɗoro gyaɗa ko auduga ko ƙiraga bisa jaki, a auna a ba shi kuɗi, shi juya nan take shi sayi akoko da gishiri da kananzir da fitilar ƙwai. Kuɗin na shiga gari kamin su fita. Ba na ce maka duk adalci anka yi ba, mun ga masu danne sikeli da ƙafa, kuma wanda ya ci kuɗin gaba ya kasa kawo gyaɗa ya sha wuya. Duk da haka yaran kanti sun koyi sana'a: lissafi, riƙon littafi, sanin inda ake sari. Da Janar Gowon ya yi doka a 1972 cewa ƙananan sana'o'i irin cinikin kiri na 'yan ƙasa ne, Kwarori da yawa yaransu sunka sayar ma shagunan. Ta haka ubana ya samu nashi, cikinsa ni ma na tsufa.

To ka tambayi baƙonka abu biyu. Mi zai saya daga hannun mutanenku, ko riɗi ne ko shinkafa? Ɗiyan wa zai ɗauka aiki, kuma za su tsaya ga ɗaukar kaya ne ko za su san kan sana'ar? Amsar da ya ba ka ita za ta nuna maka ko maƙwabci ka samu.

Sannan in faɗa maka gaskiya, ka yi kuskure da ka kai kwana huɗu ba ka je wurin kawunka ba. Yau ɗin nan bayan isha'i ka tafi ka durƙusa ka faɗa mai da bakinka. Kada shi ji a tasha.

Maman 'Yan Biyu, Argungu:

Malam ka yi haƙuri, ni ta ɓangaren masu saye zan yi magana, don na ga duk tausayin ya tafi wajen mai shago.

Bara na aurar da 'yata. Kayan kicin kaɗai, kuloli da robobi da faranti, sai da na shiga mota na je Birnin Kebbi, kuma da kuɗin motar da komai na dawo da rara a kan abin da aka ce mini a unguwa. Wadda ba ta da halin fita fa? Haka za ta saya tana ji tana gani. Bashin da kake yabo kuma, ni 'yar manoma ce, na san shi ciki da waje. Farashin "rubuta" daban yake da na hannu, kuma biyan yana zuwa ne daidai lokacin da shinkafa ta fi araha, kowa na fitar da ita. Mai shago ya karɓi buhu ya ajiye, in ta yi tsada ya fitar. Ban ce kawunka haka yake yi ba, Allah ya sani, amma kar a mai da abin kamar sadaka.

Kuma ka ɗauki tocila ɗaya a shagon kawun naka ka juya gindinta ka karanta. Ai ita ma daga Caina take. Wayar Tecno ko itel da ke hannunka, da baburan Jincheng da Haojue da muka tashi muna gani, duk daga can ne. Kayansu sun daɗe da shiga ɗakunanmu, mai kayan ne bai iso ba sai yanzu.

Abin da ni zai dame ni daban ne. Mu da yawa yara muke aika. Mai shagon unguwa ya san wannan ɗan gidan wane ne, ba zai ba shi fasasshen baho ba, in ma ya bayar zan mayar, in ya ƙi in kai ƙara wajen matarsa ko uwarsa. Baƙon da ba ya jin Hausa, in buta ta tsage kwana biyu da saye, wa zan gaya wa? Ku sa wannan a maganarku. Maganin ciyawa kuma a tabbata yana da lambar NAFDAC, don ba abin wasa ba ne, yaranmu ke goya injin a baya.

Malamin Lissafi, Zuru:

Ɗan'uwa, na yi koyarwa shekara biyu a Lesotho, ƙaramar ƙasar nan mai duwatsu da Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko ta ina. Abin da kake tambaya na zauna cikinsa.

A can, ka hau mota ka yi ta hawan dutse har ka kai gari irin Mokhotlong ko Thaba-Tseka, inda sanyi ke sa mutane yawo da bargo da rana tsaka, za ka tarar da kantin Sinawa. Yawancinsu daga lardi ɗaya suka fito, Fujian, kuma dangin juna ne ko 'yan gari ɗaya. Suna sayar da garin masara, man girki, kananzir, bargo, takalmin ruwa, kayan gini. Na yi ta lura da dalilin arahar tasu, ba wani asiri ba ne. Kantuna da yawa ke haɗa kuɗi su yi sari a tare, mota ɗaya ta rarraba musu. Mai kantin a bayan kanta yake kwana, shi da matarsa ke karɓar kuɗi, ba ranar hutu. Ribar da yake ɗorawa a kan kaya ɗaya kaɗan ce, yawan fita yake nema. Wanda ya zo a yaron kanti kuma, bayan 'yan shekaru dangi su haɗa masa jari ya buɗe nasa a ƙauye na gaba. Wannan na ƙarshen shi ne ya kamata ka sa a ranka: da wuya kanti ɗaya ya tsaya shi kaɗai.

Masu saye sun ji daɗi, wannan gaskiya ne, Maman 'Yan Biyu ba ta yi ƙarya ba. Ƙananan masu shago 'yan ƙasa kuwa na ga waɗanda suka rufe, wasu suka mai da ginin nasu haya ga wanda ya kashe musu kasuwa. A kantin da nake sayayya ban taɓa ganin an ba wani bashi ba, kuma ma'aikata 'yan gari ba sa zuwa kusa da akwatin kuɗi.

Sai dai ba ko'ina aka yi haka ba. A Amurka, yankin Misisifi, bayan an soke bauta a 1865, an kawo Sinawa aikin gonar auduga. Ba su daɗe ba suka bar gona suka buɗe ƙananan shagunan abinci a unguwannin baƙar fata, suna kwana a bayan shago, kuma su suna ba manoma bashi. Sun yi shekaru da dama a haka, har injin tsinkar auduga ya zo, baƙar fata suka yi ƙaura zuwa biranen arewa, 'ya'yan masu shagon suka yi karatu suka kama wasu ayyuka. Ka ga ke nan bayar da bashi ba halin wata ƙabila ba ne, ya danganta da ko mutum ya zo zama ne ko ya zo ɗiba.

Masu cewa a kore su kawai, a yi hattara. Indunusiya ta hana baƙi cinikin kiri a karkara a 1959, Sinawa fiye da dubu 100 suka bar ƙasar, kuma ƙauyuka suka sha wahalar samun kaya. Gana ma tana da doka ta 2013 da ta keɓe cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma da ita aka garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akara muna ta kuka. Mu da kakanninmu suka bi ta Jega da Yawuri zuwa Gwanja fataucin goro suka kafa zango a garuruwan mutane, bai kamace mu mu ƙi baƙo don baƙuncinsa ba. A kafa masa sharaɗi dai, a rubuce.

Ɗan Kwari, asalin Talatar Mafara:

Malam na Zuru, sharaɗi a takarda daɗin faɗi gare shi. Ni shekarata 19 a Kantin Kwari. Da farko mu ke zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Caina mu ba da samfur a buga mana atamfa da shadda. Daga baya masu masaƙar suka biyo mu Kano, suka kama sito, suka ce dila kaɗai za su riƙa sayarwa. Ba a jima ba sai ga su suna sayar wa kwastomominmu da muka yi shekaru muna tarairaya. A 2012 har jami'an shige da fice suka kama 45 daga cikinsu a Kano, amma kasuwar ba ta koma yadda take ba. Yau da yawanmu mun zama masu karɓar kaya a hannunsu mu ci la'ada. Masaƙun Kaduna da ta Gusau kuwa kowa ya san sun zama kufai, ko da yake rashin wuta da fasa-ƙwauri ma sun taka rawa.

Ni shawarata kar ka bayar. Kuɗin shekara biyu biki ɗaya zai cinye su, kawunka kuwa kullum za ka fito ka gan shi a tsallaken titi.

Ɗan Anka:

Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ka ce ya zo da ɗan sanda a mota. Mutumin da sai da rakiya yake yawo, in ya kwana a ɗakin bayan gininku, ku da ke manne da shi kun shiga lissafin masu satar mutane. Mu a nan mun ga abin da haƙar zinariya ta jawo, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019 ta ce baƙi su bar wuraren haƙa, sai ƙarshen 2024 aka ɗage. Ƙasar Yawuri ma akwai zinariya. Ban ce mutumin nan yana da wata manufa ba, mai yiwuwa bokiti kawai ya zo sayarwa, amma ka tambaya ƙarara ko ɗakin baya zai zama wurin awon duwatsu.

Ta fuskar doka, dokar 1972 da Baba na Gusau ya ambata an maye gurbinta da wasu, ta ƙarshensu kuma an soke ta a 1995, yanzu baƙo na iya mallakar kamfani. Amma sai ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ya samu izinin kasuwanci daga ma'aikatar harkokin cikin gida, da takardar zama. Ka ga takardun da idonka, sunan da ke jiki ya zama shi ne zai sa hannu. Hakimi da sarkin kasuwa da DPO duk su sani kafin a fasa bango.

Mai Tireda Yawuri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na Gusau, na bi maganarka, daren jiya na je wajen Kawu. Na ji kunya sosai, domin ashe tun ranar da motar ta zo yaran tasha suka kai masa labari, yana jira ne ya ga ko zan zo.

Bai yi faɗa ba. Ya ce shi ya kusa ajiye sana'a, ba kansa yake ji ba. Akwai 'yan koli tara da ke ɗaukar kaya a wurinsa da safe, su ɗaure a babur su bi kasuwannin ƙauye da na bakin ruwa, da yamma su kawo uwar kuɗi su riƙe riba. Ba wanda ya ba shi jingina a cikinsu, iyayensu kawai ya sani. Su ne abin da ke ransa. Ya kuma yarda da maganar Maman 'Yan Biyu da na karanta masa, ya ce farashin bashi ya fi na hannu, ba ya musu, amma a cikin littafin akwai sunayen mutum shida da suka rasu bai taɓa bin magadansu ba.

Shi ya kawo shawarar da muka kai wa tafinta yau da hantsi: haya ta shekara ɗaya, ba za a fasa bango ba tukuna, ba kwana a ginin, a ɗauki yaran gari biyu, kuma sayarwa daga dozin zuwa sama, yadda Kawu da sauran masu shago za su riƙa sari a nan maimakon zuwa Jega. Tafinta ya kira maigidansa a gabanmu. Ya yarda da shekara ɗaya, ya yarda da yara, ya ce dama a Yelwa zai riƙa kwana, kuma ba ruwansa da duwatsu. Takardu ya ce zai kawo ranar Litinin. Da na tambayi abin da zai saya a wurinmu, ya ce babu a yanzu. Maganar dozin ce ya ƙi, ya ce in ba zai sayar wa mace bokiti ɗaya ba, zuwansa ƙauye ba shi da amfani.

Yayana ya fita ransa a ɓace, yana ganin ni na ɓata cinikin. Inna ba ta ce komai ba tun jiya, tsakanin ƙaninta da 'ya'yanta, kuma shirunta ya fi komai yi mini nauyi. Na ce da ƙannena ni zan ɗauki nauyin gado da katifar amarya daga tireda ko da za a bar ƙofofin a rufe.

Tafinta ya sake kira da la'asar, wai ko za mu yarda a raba: injin feshi, maganin ciyawa, tiyo da injin ban ruwa sari kaɗai, kayan roba da na gida kuma ya sayar ɗai-ɗai. Kawu ya ce a ba shi kwana biyu ya duba littafinsa ya ga wane ɓangare ne ke riƙe da shagon. Ɗan Kwari, na ji gargaɗinka kuma yana raina. Shi ya sa nake tambaya: in an rubuta irin wannan rabon a takardar haya gaban lauya da hakimi, ya zo ya saɓa, muna da ikon fitar da shi kafin shekarar ta cika? Wanda ya san aikin lauya a Birnin Kebbi ko Yelwa ya taimaka mini da amsa kafin Litinin.